Gawo a hasken da ido ba ya gani

8 Disamba 2024

Fim ya iso Yamai. Naɗi biyar ne na Rollei Infrared 400, kowane mai hoto 36. Ɗan yayar mahaifiyata ne ya riƙo mini daga Beljiyam, haɗe da filta Hoya R72 mai faɗin milimita 49 da fakiti biyu na garin fiksater, maganin da ke tsayar da hoto a jikin fim wajen wanki. Na roƙe shi ya bar fim ɗin a jakar hannu, domin na'urar da ke leƙa manyan akwatuna a filin jirgi ta fi ƙarfi, tana iya yi masa illa. Yanzu suna cikin firigo, na ƙulle su a leda biyu, na kuma ja kunnen yaran gida.

Abin da nake so in yi shi ne in bi itatuwan garin nan shekara guda, daga hunturu zuwa hunturu, in ɗauke su da hasken da ido ba ya gani. Idon ɗan Adam yana kama haske daga kusan nanomita 400 zuwa 700 (nanomita ma'auni ne na tsawon zangon haske), wato daga shuɗi mai duhu zuwa ja. Da an wuce ja sai ido ya tsaya, amma haske bai ƙare ba. Wannan na gaba shi masu Faransanci ke ce wa anfraruj, ni kuwa a nan zan riƙa ce masa hasken bayan ja. William Herschel ne ya gano shi a 1800, da ya raba hasken rana launi-launi, ya aza ma'aunin zafi a gefen jan, inda babu abin da ake gani, sai ma'aunin ya hau. A 1910 wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Robert Wood, ya buga hotunan fili da aka ɗauka da wannan haske, aka ga ganye ya fito fari kamar an yafa masa gari. Har yau da sunansa ake kiran wannan farin.

Kyamarar ta Kawu ce, Pentax K1000, wadda ya ci abinci da ita shekara da shekaru kafin waya ta kashe kasuwar masu hoto. Ba ta buƙatar batir sai don awon haske. Da na gaya masa nufina sai ya ciro ta daga akwati, ya goge ta da bakin rigarsa, ya ce: "Aparai dai lafiyarta lau. Felikil ɗin naka ne ban sani ba." Kyamara da fim yake nufi. Ya haɗa mini da wata tsohuwar kwalbar Rodinal, rebelater ne, wato maganin da ke fito da hoto a jikin fim, da ta rine kamar ruwan kofi. Ya ce kar launin ya tsorata ni, wannan rebelater ba ya mutuwa da wuri.

15 Disamba

Fita ta farko, cikin bedin da ke gefen Talaje, wani yanki na dajin da aka soma dasawa a 1965 don ya kewaye gari ya tare masa iska da rairayi.

Aikin yana da tsari, kuma ba ya son gaggawa. Filtar R72 tana toshe kusan duk hasken da bai kai nanomita 720 ba. In ka ɗaga ta sama ka duba, baƙa ce ƙirin, sai rana kaɗai kake hangowa kamar garwashi. To ita K1000 ta idon da take ɗaukar hoto ta nan kake leƙawa, saboda haka da ka ɗaura filta ka makance. Dole ka kafa kyamara bisa ƙafa uku, ka tsara hotonka, ka saita nesa, sannan ka murɗa filta a hankali ba tare da ka gusar da komai ba. Akwai kuma wani ɗan jan layi a jikin idon kyamara, kusa da alamar tsakiya. Hasken bayan ja ba ya haɗuwa daidai inda hasken da muke gani ke haɗuwa, shi ya sa bayan ka saita nesa sai ka mayar da lambar kan wannan jan layi. Kawu ya ce shekara talatin yana ganin layin nan bai taɓa tambayar amfaninsa ba.

Awon haske na cikin kyamara ba abin dogara ba ne a nan. An rubuta 400 a kwalin, amma da filta fim ɗin yana komawa kamar mai ƙarfin 6 ko 12. Na tsayar da ƙofar haske kan 11, kowane hoto na ɗauke shi sau uku: 1/30, 1/15, 1/8 na daƙiƙa. Ke nan naɗi mai 36 hoto goma sha biyu kawai yake ba ni. Duk na rubuta a ɗan littafi, har da sa'a da inda rana take.

17 Disamba

Daren jiya na wanke. Fim ba kamar takardar hoto ba ne da ake aiki da ita ƙarƙashin jar fitila. Wannan jan haske ma abincinsa ne. Na jira sai da dare ya raba, na toshe tagar banɗaki da bargo biyu, na zauna minti biyar har na tabbata ko tafin hannuna ba na gani, sannan na naɗa shi a cikin tanki da lalube. Rodinal kashi 1 cikin ruwa kashi 50, zafin ruwa digiri 20, minti 12. A wannan wata ruwan randa da asuba ba ya da nisa da hakan, ɗan ƙanƙara kaɗan ya isa.

Da na zaro dodon hoton na ɗaga shi gaban fitila, sai da gabana ya faɗi don murna. Inda ganye yake ya yi baƙi, inda sama take ya yi garau kamar gilashi, wato in an juya, ganye fari, sama baƙa. Na kira Kawu tun bai gama lazimi ba. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce: "Ikon Allah. Kamar auduga ta buɗe a kan icce."

Kuskure biyu. Hotuna huɗu na farko sun sha haske daga gefe, laifina ne kuma: a tsakar gida da hantsi na sa fim ɗin. Bayansa roba ce mai haske, ba irin ta sauran fina-finai ba, haske yana bin harshen da ya leƙo waje ya kutsa cikin gwangwanin kamar yadda ruwa ke bin lagwani. Daga yau a cikin ɗaki zan sa, a cikin ɗaki zan cire. Na biyu, 1/30 ya yi ƙaranci, inuwa ta tafi ba komai a cikinta. 1/15 shi ne daidai.

Abin da ya sa ganye ke yin fari ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne gindin aikin duka. Koren sinadarin da ke cikin ganye yana shanye ja da shuɗi don ya yi wa icce abinci, shi ya sa a hoton baƙi da fari na kullum icce yake fitowa da duhu. Amma hasken bayan ja ba ruwan sinadarin da shi, wucewa yake yi. In ya shiga cikin naman ganyen sai ya tarar da ƙwayoyi masu ratar iska a tsakaninsu kamar soso, ya yi ta karo da bangonsu yana watsuwa, kusan rabinsa ya dawo waje. Wannan dawowar fim ke kamawa. Ganye mai rai, mai ƙoshi, shi ya fi maido shi. Ita kuwa sama, shuɗinta daga gajeren haske yake, wanda iska ke warwatsawa. Dogon haske ba ya warwatsuwa haka, sai filta ta bar ta baƙa.

12 Janairu 2025

Na ɗauka wannan fim zai huda hazon hunturu. An san shi da haka a ƙasashen da hazonsu siriri ne, asalinsa ma fim ne na ɗaukar ƙasa daga jirgin sama. Na tsaya a gaɓar hagu wajen Gamkalle na auna tsaunukan da ke ƙetare, bayan Harobanda, ranar da ido ke ganinsu dishi-dishi. A fim ɗin ma dishi-dishi suka fito. Hazonmu ba tururi ba ne, ƙasa ce take tafiya a sama, mai yawanta daga kwarin Bodele na Chadi, kuma ƙwayar ƙura ta yi girman da take watsa kowane irin haske kusan daidai wa daida. Ranar buji sama ba ta yin baƙi, toka-toka take yi, farin ganye ya rasa abin da zai jingina da shi. Na yi asarar hoto tara kafin in yarda. Yanzu in na fito da safe na ga inuwata ba ta da kaifin baki a ƙasa, sai in mayar da kyamara cikin jaka.

Wanda ya yi kyau shi ne kogi, kwana uku bayan haka da iska ta lafa. Wannan ne lokacin cikar da ke zuwa daga Gine, ruwan damina da ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso mu. Ruwa yana shanye hasken bayan ja, sai ya fito baƙi sumul, kwalekwale a kansa kamar an zana da alli, ciyawar ruwan nan mai shuɗin fure da ta addabi masunta kuma ta yi fari fat a bakin gaɓa. Ban juya kyamara wajen gada ba, ba kuma zan juya ba. Mai ƙafa uku a bakin kogi ya san inda ya kamata ya duba.

A hoto biyu na ga wasu ƙananan rassa kamar walƙiya a kan dodon. Kawu ya gane su nan take. Bushewar iska ce: in ka mayar da fim cikin gwangwani da sauri, gogayya tana haifar da tartsatsi, irin wanda bargo ke yi da dare. Ya ce in riƙa juya hannun kamar mai tuƙa tuwon da ya kusa nuna.

2 Fabrairu

Na samu iccen da nake nema.

A hanyar Kolo ne, an wuce gonakin shinkafa na Saga, cikin wata gonar hatsi da ba abin da ya rage mata sai kututturen kara. Gawo ne babba, mutum biyu ba za su rungume shi ba. Kuka guda tana tsaye can baya tsirara, sabara duk ta yi ja, ƙasa ta bushe ƙamas, shi kaɗai ya sha kore shar. Ina tsaye ina kafa ƙafa uku sai ga mai gonar, dattijo ne mutumin Dogon Dutsi, da ƙugiya a kafaɗa da tumaki biyar suna biye da shi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce: "Baba, in kun yarda, hoton iccen nan naku nake so in ɗauka." Ya tambaya ko daga ma'aikatar daji nake. Na ce a'a, ni dai mai hoto ne. Ya ce: "To ɗana, ɗauki. Amma ka daɗe, ka ga ya fara zub da 'ya'ya."

Ya sa ƙugiya ya girgiza reshe, 'ya'yan suka zubo, jajaye, murɗaɗɗu kamar ɓawon lemo da ya bushe, tumakin suka yi caa a kansu. Ya ce duk gonar nan ba inda hatsi ke yin zangarniya irin ƙarƙashin gawon. Dalilin a fili yake ga wanda ya zauna da shi: gawo yana riƙe ganyensa duk rani, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar taki, da ruwa ya sauka kuma sai ya kakkaɓe ganyen ƙasa ya zama taki na biyu, ya bar rana ta sauka kan shuka. Saiwarsa tana nitsawa can ƙasa inda hatsi ba ya kaiwa, kuma dangin wake ne, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Yawancin itatuwa suna bin damina, shi ya juya mata baya.

Na jira har ƙarfe goma da rabi, rana tana bayan kafaɗata ta dama. A wannan aiki rana a baya take so ta kasance. Ganyen da ke cikin inuwa ba ya yin fari. Iska ce matsala, domin 1/15 ba ya tsayar da reshe mai motsi. Na riƙe igiyar danna hoto ina kallon saman iccen, ina jiran ɗan tsit ɗin nan da ke zuwa tsakanin iska da iska. Na ɗauki tara. Na kuma tara duwatsu uku a inda ƙafafun suka tsaya, na roƙi Baba kar yara su kwashe, domin daga nan zan sake ɗauka da damina.

Da na wanke, na bakwai ne ya fita. Ganyen gawo ƙanana ne ƙwarai, ba sa yin farin dunƙule irin na mangwaro, sai wani fari mai laushi kamar hayaƙi ya tsaya cik a kan rassa baƙaƙe. Kukar tana baya kamar an ƙone ta. Ƙasar ma ta yi haske, don rairayi yana maido da hasken bayan ja sosai, sai tumakin suka zama kamar inuwoyi a kai. Na wuce wannan icce a mota ba sau ɗaya ba, ban taɓa ganin cewa shi kaɗai ke aiki a filin nan ba sai a wannan hoto.

20 Maris

Azumi, ban fita ba. Sauran hoto shida a naɗi na uku na ƙarar da su a tsakar gida. Kawu ya zauna mini a rana na daƙiƙa kaɗan. Sai daga baya da na wanke na ga fatarsa ta fito da haske fiye da yadda take, tamojin goshi ya ragu, idanu kuwa sun yi baƙi da zurfi. Baƙin mayafin ƙanwata ya fito toka-toka, don rinin da ke baƙi a idonmu ba lallai ya zama baƙi a can ba. Wani yaron maƙwabta ya tambaye ni ko aparai ɗin tana ganin zafin jiki da dare. Ba ta gani. Zafin jiki yana can nesa, wajen nanomita 10,000, wannan fim kuwa ɗan taku kaɗan ya yi bayan 700. Haske irin na rana yake gani, in ba haske ba hoto.

19 Afrilu

Na ɓata naɗi na uku, har da hoton Kawu, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Na bar shi wata guda ban wanke ba, ga zafin da ya haura digiri 40, ga wuta da ake ɗaukewa firigo ya huce. Wannan kaɗai ya sa masa wani hazo-hazo. Amma babbar ɓarnar a wurin wanki ta faru. Na sayi ƙanƙara ta dala ashirin na sauko da rebelater zuwa digiri 20, na manta ban yi wa fiksater da ruwan ɗauraya haka ba. Ruwan famfo a watan nan da ɗuminsa yake fitowa, ya wuce 30. Fatar fim ɗin ta fito daga sanyi ta faɗa zafi, ta kumbura ta yi laushi, ta tattare ƙanana-ƙanana kamar bayan kada, a wani wuri ma farcena ya kwashe ta. Abin da na gani a hoton Kawu ta cikin wannan tattarewa na gan shi, ba zai bugu a takarda ba.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce su a zamaninsu babban baho guda suke cikawa da ruwa, su jefa ƙanƙara, su jera kwalaben duka a ciki tun awa guda kafin aiki, har da ruwan ɗauraya, kuma da bazara ba sa wanki sai bayan sallar asuba. Na rubuta wannan a bangon littafin da manyan baƙaƙe. Ba zan sake taɓa fim ba sai ruwa ya sauka; biyun da suka rage na kai su gidan wata 'yar'uwa mai firigon sola.

24 Yuni

Ruwa ya sauka sau uku. Na koma Talaje, wuri guda da na Disamba, da naɗi na huɗu. Na ciro shi daga sanyi tun dare na bar shi cikin ledarsa, don kar raɓa ta kwanta masa.

Bambancin ya wuce yadda na zata. Ashe farin da na yi murna da shi a Disamba rabin fari ne, ganyen duk ƙura ta rufe shi. Yanzu an wanke shi, ga sabon toho, bedi ya yi wani haske har sai da 1/30 ya fi 1/15 kyau. Sama ta yi baƙi sosai, gajimare suka fito ɗaya-ɗaya da kaifin baki. Wannan ne lokacin wannan fim a ƙasarmu: safiyar da ta biyo bayan ruwan dare.

Sai dai da na jera dodon Disamba da na yau a kan gilashi, na ƙirga. A na farko bedi goma sha ɗaya ne a layin gaba. A na yau tara ne, a gefen hagu kuma ga tulin bulo da ramin tushe. Ban je neman wannan ba, ban ma lura da shi a wurin ba, hankalina yana kan filta da lamba. A hoton ne giɓin ya fito, baƙin wuri a tsakiyar fari, kamar haƙori ya fita. Mutanen da suka dasa itatuwan nan shekara sittin da suka wuce sun yi ne don mu, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a Lazare da buji ya san abin da suke tare mana. Na san gari yana girma, kowa yana neman inda zai sa kansa. Amma raina ya ɓaci, har na kasa cin tuwon dare.

3 Agusta

Ranar dashen itatuwa. Da safe na ga yara 'yan makaranta da 'yan bedi cikin baƙar leda a bayan wata mota, ni kuwa na kama hanyar Kolo.

Duwatsuna uku suna nan. Baba ya kewaye su da ƙaya don kar garma ta taɓa su. Hatsi ya kai ƙugu, a gindin gawon kuma ya kai mini ƙirji, ganyensa ya fi na sauran gonar duhun kore. Gawon kansa ba ganye ko ɗaya, rassa farare-farare da ƙaya, wanda bai san shi ba zai rantse ya mutu. Kukar da ke baya ta cika da ganye har ba a ganin rassanta. Na kafa ƙafa uku a kan duwatsun, ƙarfe goma da rabi, ƙofa 11, na ɗauki shida.

Na wanke washegari da asuba cikin bahon Kawu, kwalabe duka a digiri 20. Hoton Fabrairu ne aka juya: ƙasa duka ta zama fari, kukar ta zama fari, gawon ya tsaya baƙi a tsakiya da rassansa a buɗe. A hanyar dawowa na ɗauki kogi ma. Cikar damina ce, jan ruwan da Sirba da Dargol da Goruwal ke kwasowa daga wajen Burkina Faso, kuma saboda lakar da ke ciki bai yi baƙin Janairu ba, toka mai kauri ya fito.

Kawu ya ciro na'urarsa ta buga hoto daga ƙarƙashin gado, muna neman ƙwan fitilar da zai shige ta. Ina so in buga gawon biyu a takarda girma ɗaya in kai wa Baba da hannuna.  Baba ya ce in dawo bayan an yanke hatsi, wajen ƙarshen Oktoba, lokacin da gawon ke soma toho. Ya ce toho na farko daga reshen gabas yake fitowa, in zo da wuri kafin awaki su gan shi.